Ranar da Mahaifiyata ta Sauka Daga Motata

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, na sayi motata ta farko. Fijo ce doguwa, irin mai kujeru layi uku. Ta sha duniya kafin ta zo hannuna, amma a idona babu kamarta a duk unguwar Television da ke Kaduna. Lokacin ina aiki a masaƙa, muna zaune a gidan haya ni da matata da mahaifiyata. Kullum da safe sai na wanke motar nan kafin in wanke fuskata, har matata tana cewa wata rana zan ɗauki tabarma in koma kwana a ƙarƙashinta.

Ba don yanga kaɗai na saye ta ba. Mahaifiyata tana da yaya mace, ita kaɗai ta rage mata a cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, tana can garinmu bayan Wukari. Rabon da su sa juna a ido tun kafin in yi aure. Ba faɗa suka yi ba. Mahaifiyata ciwon baya ne ya kama ta, ba ta iya dogon zama a matse, motar haya kuwa sai an cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, a kuma yi ta canjin mota a hanya. Ita yayar ƙafa ce ta ƙi, ko kasuwa ta daina zuwa. Waya ba ta zo hannun mutane ba tukuna. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne saƙo.

Wanda bai zauna cikin 'yan garinmu na Kaduna ba, ba zai gane nauyin saƙo ba. Duk wanda zai je gida, ba tafiyarsa ba ce shi kaɗai. Wannan ya ba shi sabulu ya kai wa uwarsa, wancan ya ba shi takalmi, wani magani, wani gaisuwa kawai. Ba a cewa a'a. Mahaifiyata ma da haka ta riƙe yayarta duk shekarun nan, yawanci ta hannun wata mata 'yar garinmu mai fataucin doya da manja, wadda kusan kowane wata tana kan hanyar. Ko gishiri ne sai ta ƙulla ta aika, can kuma a aiko mata da daddawa ko busasshen kifi.

Da motar ta zo, na ce wa mahaifiyata Kirsimetin bana a ɗakin yayarta za ta yi shi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Matata ce ta faɗa min daga baya cewa kuka ta je ta yi.

Na ɗauki shirin tafiyar nan kamar zan je yaƙi. Na kai motar wajen bakanike a Tudun Wada, aka duba birki, aka canza taya biyu, aka sa sabon fambel, na sayi wani na ajiye. Duk direban da na san yana bin hanyar sai da na tare shi da tambaya. Wasu suka ce in bi ta Shendam in tsallake ruwa a Ibi ya fi kusa, wasu suka ce kada in kuskura, in jirgin fito ya ƙi tashi a bakin kogi za mu wuni. Na zaɓi doguwar hanya, ta Kachia zuwa Akwanga, Lafiya, Makurɗi, saboda akwai wuraren da tsohuwa za ta sauka ta miƙe ƙafa. Abin da na fi kashe wa lokaci shi ne kujerar gaba. Ƙarfenta ya cije ba ta kwanciya, sai da na sa aka kwance ta aka gyara, aka ƙara mata soso.

Wata ranar Asabar na ɗauki mahaifiyata gwaji zuwa Kakau. Na kwantar mata da kujerar, matata ta sa mata filo a ƙugu. Muka je muka dawo ba ta ce wash ba ko sau ɗaya. A Kakau har ta sa na tsaya ta sayi gasasshiyar masara, tana ci tana ba ni labarin wani icen mangwaro da ita da yayarta suke hawa suna yara, yayar tana sama ita tana tsaron hanya. Ban taɓa jin ta yi surutu irin na ranar ba. Da muka dawo ta kira matar nan mai doya ta ba ta saƙon baki, a faɗa wa yayarta ta share ɗaki, wannan karon da ƙafarta za ta zo. Daga nan ta fara tara tsaraba: atamfa, takalmin roba mai laushi, man zafi, bargo. Duk ta jera su a jakar bakko ɗaya tare da kayan sawarta.

Matata ta gargaɗe ni in kama bakina har mu tafi. Ita mai doyar ma mahaifiyata ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa a Kaduna. Amma Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Ranar da muka yi godiyar mota a coci, fasto ya fito harabar da jama'a ya ɗora hannu a kan motar ya yi addu'a, sannan cikin raha ya tambaya ina za ta fara zuwa. Ni kuma ga ni cikin sabuwar shadda, kai ya kumbura, na buɗe baki na faɗi gari, na faɗi rana. Na hango matata ta dafe goshi.

Kafin la'asar baffana ya iso gidan. Ƙanin mahaifina ne, tunda mahaifinmu ya rasu shi ne babba, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan garinmu. Mutum ne da bai taɓa sayen ko keke ba, amma ya san yadda za a yi da motar kowa. Ya zagaya ta, ya bubbuga taya da ƙafa, ya leƙa ciki yana ƙirga kujeru da yatsa. Ya ce Allah ya amsa addu'ar ƙungiya. Na ce masa, cikin ladabi, tafiyar Mama ce, saboda bayanta na shirya komai. Ya ce ai Mama ta kowa ce, ya kuma yi kunnen uwar shegu da sauran maganar.

Washegari saƙo ya fara zuwa. Da farko ƙananan ƙulli ne, ban damu ba. Sai ga buhun shinkafa. Sai ga katifa a naɗe. Wani malamin makaranta ya kawo keken ɗinki, wai na ƙanwarsa, ya ce in lura kada ya karce. Wata ta kawo fantekar roba cike da kwanuka. Kowa ya zo sai ya ce Baba shugaba ne ya ce a kawo. Ashe a mitin ɗin ƙungiya ya sanar cewa bana an samu mota, kowa ya huta da kuɗin tasha. Falonmu ya koma kamar shagon 'yan gwanjo, sai mun ɗaga ƙafa muke wucewa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wallahi sai na mayar wa kowa kayansa. Mahaifiyata ta hana. Ta ce waɗannan mutanen su suka yi ta ɗaukar mata nata lokacin da ba mu da ko baro, yau don Allah ya ba ɗanta mota ba za a ce a gidanta aka fara mayar da saƙo ba. Na haɗiye. Na je na sa aka ɗaura ƙarfen ɗora kaya a saman motar. Matata da ta ga inda abin ya dosa ta ce ita ta fasa, a bar wa Mama wuri ta sake. Na yi wa baffana magana ɗaya, na ce kaya na karɓa, amma mutum ko ɗaya ba zan ɗauka ba sai shi. Ya ce ba komai, ɗana, ba komai. Na ɗauka mun gama.

Da asubar ranar tafiya na buɗe ƙofa, na tarar da mutane a tsaye a bakin motar, kowa da jakarsa. Akwai surukin baffana, akwai wani dattijon ƙungiya da matarsa, akwai wasu 'yan mata biyu da ban ma san 'ya'yan waye ba. Baffana yana tsakiya da hula da sanda yana raba musu wurin zama. Kafin in gama ɗaure kayan sama na sauko, ya buɗe ƙofar gaba ya shige, ya zaro filon mahaifiyata ya miƙa baya, ya gyara zamansa a kan kujerar da na sa aka yi wa soso.

Na ce, "Baba, wannan kujerar ta Mama ce. Saboda ita aka gyara ta."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kana so a shiga gari mace tana gaba, ƙanin ubanka yana baya kamar kaya? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Na ce a gidana za a fara. Muryata ta tashi, maƙwabta suka fara leƙowa. A nan mahaifiyata ta fito da jakarta, ta sha sabon ɗinki, ta ɗaura kallabi irin na zuwa coci. Ta riƙe hannuna ta ce kada in ɗaga wa ƙanin ubana murya a bakin titi, ita layin tsakiya ya ishe ta, tana da filo. Ta shiga ta zauna a gefen taga. Na tura jakarta a baya da ƙyar, ina huci.

Ana wata ga wata. Ina shirin tayar da mota sai ga mai doya ta sauko daga kan acaɓa, da jarkokin manja babu komai ciki da tarin buhuna. Matar da take bin hanyar nan kamar hanyar rafi, lafiyarta ƙalau, kuɗin motarta a ɗaure a bakin zani. Ita ma baffana ya yi mata alƙawari. Ya ce a matsa, ai mutum huɗu suna zama a tsakiya, a tasha ma haka ake yi. Matar ta cusa kanta. Na ga fuskar mahaifiyata lokacin da aka danna ta jikin ƙofa, ta cije leɓe, ta rufe ido. Ko fita daga layinmu ba mu yi ba, ga wuni guda a gaba.

Na kashe mota na fito. Na ce mai doya ta sauka, ko surukin ya sauka, ko duk su sauka, ni ban damu ba. Babu wanda ya motsa. Kowa ya kafe idonsa a gaba kamar ba da shi ake ba. Mai doya ta fara magana ƙasa-ƙasa, wai ita ba ta san ɗaukar saƙon mutane shekara da shekaru laifi ba ne. Wannan maganar ce ta gama komai. Mahaifiyata ta buɗe ƙofa, ta sauko a hankali, ta ce wa matar ta gyara zamanta, ita dama jikinta bai yi mata daɗi ba tun jiya, za ta bi wata tafiyar.

Ƙarya take yi, kowa a wurin ya san ƙarya take yi. Amma kun san abin da suka ce? "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi." Baffana har da cewa gara ta huta, hanya ba ta son mai ciwo. Ya umarci surukinsa ya zaro jakarta daga baya don jarkoki su samu wuri. Aka dire ta a ƙofar gida.

Na ce babu inda za ni. Na zare makulli na sa a aljihu. Mahaifiyata ta matso kusa da ni, a gaban mutanen nan duka, ta ce, "In dai ni na haife ka, ka tayar da motar nan ka kai su gida."

To me zan ce? Na tayar.

Ban taɓa yin tuƙi cikin baƙin ciki irin na ranar ba. Motar ta yi ƙasa saboda nauyi, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. Duk wurin da na tsara za a tsaya tsohuwa ta miƙe ƙafa, mun tsaya, amma don baffana ya ci nama ne ko surukinsa ya kama ruwa. Baffana ya kwantar da kujerar tun daga Kachia, ya yi ta minshari har Akwanga. Da ya farka ya yaba min, wai kujerar nan ta yi daɗi, wanda ya gyara ta ya iya aiki. 'Yan sanda suka yi ta tsayar da mu saboda lodi, ni nake fita in yi ta ba su haƙuri, na cikin mota suna hirar farashin doya. Ban yi wa kowa magana ba. Su ma ba su damu ba, direba suka samu.

Rana ta kusa faɗuwa muka shiga gari. Yara suka biyo motar da gudu, mata suna guɗa. Baffana ya fito daga gaba yana ɗaga sanda, ana ta yi masa sannu da ƙoƙari, wai ya kawo mota gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka fara sauke kaya ana kiran masu shi, wannan ta rungumi katifa, wancan ya ɗauki keken ɗinki a ka.

A gefen taron na hango yayar mahaifiyata. Matar da aka ce ko kasuwa ba ta zuwa, ta tako da sanda tun daga gidanta har bakin hanya, ta ɗaura zaninta mai kyau. Ba ta shiga cikin hayaniyar ba. Ta bi motar taga bayan taga tana leƙawa, har ta zagayo inda nake. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta shafa kaina, ta tambaye ni ina ƙanwarta. Na ce jikinta ne ya ɗan motsa da safe. Ban iya kallon fuskarta ba.

Ba ta tafi ba, ta jingina da motar ta tsaya. Ni ban gane abin da take jira ba sai da aka sauke ƙulli na ƙarshe, mutane suka fara watsewa, kowa da abinsa a hannu. Sannan ta juyo ta ce, "To ba ta ba ka komai ka kawo min ba?"

A lokacin na tuna jakar bakkon da aka dire a ƙofar gida, da atamfar, da bargon, da man zafin. Motata ta ɗauko saƙon kusan kowane gida a garin nan, ban da na matar da aka yi tafiyar dominta. Baffana da ke wucewa ya ɗaga murya ya ce, "Ai tana gaishe ki sosai," ya yi gaba.

Ta ja ni zuwa gida. Ta share ɗakin, ta yi masa sabon daɓe, ta shimfiɗa tabarmi biyu kusa da juna. Ta sa an yanka kaza. Ni na ci kazar, ni na kwana a tabarmar.

Na yi mata alƙawarin zan dawo da ƙanwarta kafin damina. Ban samu cikawa ba. A hanyar dawowa aka sake loda min doya da manja na mutanen Kaduna, ƙafar motar ta baya ta karye kusa da Lafiya, injin ma ya fara hayaƙi. Ta daɗe a wajen bakanike. Cikin duk waɗanda suka hau ta babu wanda ya zo ya ce min sannu, sai ma malamin makarantar nan da ya aiko a faɗa min keken ɗinkin ya karce. Kafin in tayar da ita ruwa ya sauka, hanyar garinmu ta lalace, kafin ruwa ya ɗauke kuma aka aiko cewa yayar mahaifiyata ta rasu. Mahaifiyata ta je jana'iza a motar haya, su huɗu a kujera, ba ta ce wa kowa bayanta yana ciwo ba.

Mutane suna cewa abin da ya wuce a bar shi, ni ma ina faɗa wa wasu haka. Amma wannan har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Ba na ƙin zumunci, na san da shi muka rayu a garin da ba namu ba. Abin da na tsana shi ne yadda kullum mai kawaici ne yake biyan kuɗinsa, marasa ta ido kuma su kwashe ladan. Mota cike da manya masu zuwa coci, kowa yana ganin tsohuwa ta sauka, babu wanda ya ji kunya ya ce a'a Mama, ni zan sauka. Tun daga lokacin in zan yi doguwar tafiya, ko inuwata ba na faɗa wa. Baffana ya rayu shekaru bayan haka, ina gaishe shi a durƙushe kamar yadda aka koya min, amma bai ƙara sa ƙafa a motata ba, ko ruwa ake yi.

Mahaifiyata ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai sau ɗaya, ta riga ta tsufa sosai. Muna zaune a tsakar gida ina ta zagin mutanen nan kamar yadda na saba, ina jiran ta ce in yi haƙuri. Sai ta ce, "Ran nan da ka zare makulli, na so ka ƙi jin maganata. Da na yi maka faɗa a gabansu, na fita kunyarsu, sannan in shiga."

Na ce, "Mama, ke fa kika ce in dai ke kika haife ni."

Ta ce, "To a gaban mutane me kake so in ce?"